Ingarman Ingila a Bargar Kano: Nazarin Lamarin Doki Ɗaya Daga Tsere Zuwa Barbara

Asalin dokin da gidan da ya shigo

Wannan nazari ya bi sawun ingarma guda ɗaya a bargar wani ɗan kasuwa da ke cikin birnin Kano, tun daga ranar da aka sauke shi daga mota har zuwa lokacin da 'ya'yansa suka fara shiga tsere. An sakaya sunan mai dokin, kuma an ƙidaya shekaru ne daga watan Janairun farko da dokin ya yi a Kano. Abin da aka dogara da shi shi ne takardun likitan dabbobi, da bayanin tsohon da ya yi kiwon dokin, da littafin barga wanda ni na riƙa cike shi tun daga shekara ta biyu.

Dokin ɗan jinin dawakin tsere na Ingila ne, irin da Turawa ke kira Torobred. An samar da wannan iri a ƙarni na 17 da na 18 ta hanyar haɗa goɗiyoyin Ingila da ingarmun da aka kawo daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Arewacin Afirka. Duk dokin da ke ɗauke da wannan jini a yau, idan aka bi salsalar ubanninsa, za ta tuƙe ne a kan ɗaya daga ingarmu uku: Byerley Turk, da Godolphin Arabian, da Darley Arabian wanda aka kai Ingila daga Halab ta Siriya a 1704, kuma mafi yawansu daga tsatson na ukun suke. Tun 1791 ake rubuta nasabarsu a littafi ɗaya, kuma duƙushi ba ya shiga littafin sai uwarsa da ubansa duk suna ciki. Fiye da shekara 300 ke nan ana tace irin don abu ɗaya tak, wato gudu, saboda haka ya fito da dogayen ƙafafu sirara, da fata mai laushi, da jiki mai ƙone abinci da sauri.

An sayi wannan dokin a gwanjon da ake yi a garin Niyumaket na Ingila a ƙarshen Oktoban kowace shekara, inda masu dawaki ke rabuwa da waɗanda suka riga suka fara tsere. Bikili ne, shekararsa uku, tsayinsa kimanin santimita 163 daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, nauyinsa kilo 480, kuma ba a dandaƙe shi ba. Ya shiga tsere bakwai ya ci ɗaya, dukkansu a kan ciyawa mai laushi. A can matsakaicin doki ne. Bargar da ya shigo kuwa ta dawakin hawan sallah ce, 'yan Arewa biyar da ɗan Sudan ɗaya, ana ɗaure su a turke, ana ba su harawa da dusa da gero da jar kanwa. Mai kula da su dattijo ne da kowa ke kira Baba, wanda ya haura shekara talatin a barga. Yaran barga suka raɗa wa baƙon suna Bature.

Hunturun farko da nasarar Fabrairu

Ya iso Kano a tsakiyar Disamba, hunturu ya kankama, sanyin asuba na sa mutane jin wuta a ƙofar gida. Wannan yanayi ya yi masa daidai: yana cinye abincinsa, yana fita kilisa bayan sallar asuba, gashinsa na ƙyalli. A ƙa'idar wannan iri, duk dokin da aka haifa a arewacin duniya ana ƙara masa shekara ranar 1 ga Janairu ko da wane wata aka haife shi, don haka da shigar shekara ta farko ya zama ɗan shekara huɗu.

A watan Fabrairu aka shigar da shi tseren mita 1,600 a filin sukuwa na Kano, ya ci da rata mai yawa, har mahayinsa ya waiwaya sau biyu kafin ya ƙarasa. Washegari da safe Baba ya shafa bayan ƙwaurin ƙafarsa ta gaba ta hagu ya ji ɗumi kaɗan wanda babu shi a ta dama. Ya ce wa mai dokin, "Alhaji, ƙasar rani ta yi wa wannan dokin tauri, a rage masa sukuwa." Alhaji ya amsa da cewa, "Baba, gajiya ce, kwana biyu za ta wuce." Ɗumin ya wuce cikin kwana uku, maganar ma ta wuce.

Bazara: rama da allurar ƙiba

Daga ƙarshen Maris zafin Kano ya fara haura digiri 40 da rana, ga bargar rufin kwano ce mara sili. Dokin ya fara barin abinci a komi, yana tsayawa kai a sunkuye, numfashinsa na fita da sauri ko ba a hau shi ba. Zuwa tsakiyar Afrilu ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, kuma awon ƙirjinsa da tef ya nuna ya sauko zuwa kimanin kilo 435.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne ƙarin hatsi. Aka riƙa zuba masa gero da dusa masu yawa a lokaci ɗaya, safe da yamma, aka rage harawa don kada ta cika masa ciki. Wannan bai yi aiki ba, kuma dalilin a fili yake ga wanda ya san cikin doki. Tumbin doki ƙarami ne, kuma yana zubar da ruwan tsami dare da rana ko da abinci ko babu. Tauna ciyawa da yawun da ke biyo ta su ne ke kashe kaifin ruwan. Idan aka cika shi da hatsi aka bar shi awanni ba ciyawa, gyambo ke fitowa a tumbin, kuma dawakin tsere sun fi kowane doki fama da shi. Ita kuma dusa sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, na kalsiyam mai gina ƙashi ya yi mata ƙaranci, alhali harawar da aka rage ita ce ke cike wannan giɓi.

Mataki na biyu wani mai sayar da maganin dabbobi ne ya kawo shi, wato abin da ake kira allurar ƙiba. Sinadarin da ke cikin kwalbar boldenon ne, ɗan'uwan sinadarin mazakuta da maraina ke samarwa. Aka fara yi masa ita duk bayan mako uku. A ido ta yi aiki: cinsa ya buɗe, wuyansa da cinyoyinsa suka cika, ya koma haniniya da harbin bango. Hukumar tseren dawaki ta Birtaniya ta haramta irin wannan sinadari gaba ɗaya ga dawakin tsere tun 2015, amma a bargar babu wanda ya karanta abin da ke jikin kwalbar. Haka kuma ba a ɗibi jininsa an auna ba, duk da cewa Baba yana cire masa kaska daga ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne, kuma ya taɓa cewa cikin idon dokin ya yi fari-fari.

Damina: abin da aka yi a kan lokaci

Akwai cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, ƙwarin da ba su wuce milimita uku ba, masu fitowa daga faɗuwar rana zuwa ketowar alfijir, kuma suna yawaita da damina. Dawakin gida da suka tashi a cikinta sun fi jure mata, amma baƙon doki da bai taɓa haɗuwa da ita ba, tara cikin goma na iya mutuwa idan ta kama su, sau da yawa da kumfa a hanci saboda ruwan da ya cika huhu. A nan Alhaji ya bi shawarar wani abokinsa ɗan wasan folo. A watan Mayu aka yi wa dokin rigakafin da ake yi a Afirka ta Kudu, kwalba biyu da tazarar mako uku, aka dakatar da sukuwa a tsakani. Aka rufe tagogin ɗakinsa da raga mai ƙananan ƙofofi, domin ragar sauro ta gida ba ta tare waɗannan ƙwari, aka kafa fanka saboda ba su iya tashi cikin iska mai ƙarfi, kuma ana shigar da shi ɗaki kafin magariba. Ya fita damina lafiya.

Nuwamba da Disamba: tsagewar jijiya

Da aka ɗauke ruwa ƙasa ta bushe, aka koma shirin tsere. Dokin ya cika, ƙarfinsa ya fi na da, yana fizgar linzami, saboda haka mahayi ya riƙa sake masa sukuwa mai tsawo kusan kullum. Tsoka tana ƙaruwa cikin makonni, jijiya kuwa ba ta bin ta da wannan sauri. Babbar jijiyar da ke bin bayan ƙwauri ita ce ke karɓar nauyin doki duk lokacin da ya dira ƙafa, tana miƙewa tana dawowa kamar roba, kuma a cikin cikakken gudu na kusan kilomita 60 a awa tana aiki ne dab da iyakar ƙarfinta. Ga shi kuma an bar gaban kofatonsa ya yi tsawo, dunduniya ta kwanta, abin da ke ƙara ja wa jijiyar.

A mako na uku na Nuwamba ɗumin nan na Fabrairu ya dawo a wuri ɗaya, wannan karon da ɗan kumburi, kuma yana janye ƙafar idan an matsa. Saura kwana goma sha biyu tsere, an riga an sa sunansa, abokan Alhaji na Katsina da Zariya sun ce za su zo kallo. Aka ba shi maganin kashe zafi na fenilbutazon kwana biyar, kumburin ya sauka, ɗingishin da ya fara ya ɓace. Maganin ciwo kawai ya ɗauke. Zaren jijiyar da suka fara tsinkewa suna nan yadda suke.

Ranar tseren ina tsaye kusa da kwanar ƙarshe. Yana kan gaba har kimanin mita 1,200, sai na ga kansa ya yi wani irin sama da ƙasa, tsallensa ya gajarce, dawaki uku suka wuce shi. Mahayin ya yi hankali ya diro. Kafin a kai shi mota, bayan ƙwaurin ya kumbura ya lanƙwasa waje kamar baka, ya yi zafi kamar an ɗora hannu a kan tukunya.

Shekara ta biyu, Janairu zuwa Maris: lalas da jinya

An fara da shafe-shafen man zafi da ɗauri. Da mako uku suka wuce kumburin bai sauka ba, aka kira wani mai lalas ya jera wa ƙafar layuka da jan ƙarfe, bisa fahimtar cewa wuta na ƙarfafa jijiya. Kada a ɗauka wannan al'adar mu ce kaɗai, Turawa ma sun daɗe suna ƙona jijiyar dawaki kafin bincikensu ya nuna ba ta ƙara komai. Abin da lalas ya haifar a nan shi ne gyambo a kan fata mai laushi, ƙuda suka bi, ƙafar ta yi ruwa.

Sai a Fabrairu aka kawo likitan dabbobi. Ya fara da gyambon, sannan ya aske wurin ya ɗora na'urar sikanin mai ɗaukar hoton cikin jiki. Hoton ya nuna baƙin rami a tsakiyar jijiyar da ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinta. Ya bayyana cewa abin da ya kamata a yi a kwanakin farko shi ne ruwan sanyi ko ƙanƙara na minti ashirin sau da yawa a rana, da bandeji, da tsare shi a ɗaki. Jijiya tana warkewa ne da tabo, tabo kuma ba ya miƙewa kamar jijiyar asali, shi ya sa jinyar ke cin wata tara zuwa goma sha biyu, kuma da yawa daga dawakin da suka koma tsere sukan sake tsagewa a gefen tabon. Ya tsara jan dokin da ragama minti goma safe da yamma, ana ƙarawa sannu a hankali har zuwa minti arba'in, da sake hoto duk wata uku, ya kuma sa aka gyara yankan kofaton. Ya ce, "Alhaji, dokin nan zai taka lafiya, amma ban ba ka shawarar ya sake shiga tsere ba." Da tsere biyu ke nan rayuwarsa ta gudu a Kano ta ƙare.

Abu ɗaya bai fito a wannan ziyara ba. Ba a gaya wa likita labarin allurar ƙiba ba, kuma aka ci gaba da yin ta, domin dokin da ke tsaye a ɗaki ya sake rage ci, ga kuma masu zuwa ganinsa.

Afrilu zuwa Agusta: barbarar farko

Alhaji ya yanke shawarar mayar da shi uban garke. A nan wata matsala ta birni ta bayyana: mutanen Kano ingarmu suke kiwo, da su ake hawan Daushe da hawan Nassarawa, goɗiyoyi kuwa suna ƙauye, don haka Baba da duk gwanintarsa bai taɓa tsara barbara ba. Masu goɗiyoyi suka riƙa kawo su a mota daga ƙauyuka, Alhaji ma ya sayo biyu daga kasuwar Maigatari. Tsarin shi ne a kawo goɗiya ranar da mai ita ya samu mota, a riƙe ta, dokin ya hau sau ɗaya, a mayar da ita. Sau biyu an ɗaure ƙafafun goɗiyar da ke harbi aka tilasta mata.

Ta fuskar sha'awa dokin bai gaza ba, har ma ya yi yawa, yana cizo yana faɗa wa goɗiya da ƙarfi, kowa kuma ya ɗauki wannan alamar lafiya. Cikin wata biyar ya hau goɗiya tara. Guda ɗaya ce ta ɗauki ciki. Aka ɗora laifin a kan goɗiyoyin, aka ce tsofaffi ne, wasu suka ce jinin Turai ba ya haɗuwa da na gida, wasu suka kawo zancen kambun baka har aka rataya masa laya. Aka ƙara masa dabino da ƙwai a abinci. Masu goɗiyoyi huɗu suka zo karɓar kuɗin barbararsu.

Satumba: binciken da ya haɗa zaren

Likita ya dawo don hoton jijiya na uku, ya ji labarin goɗiyoyin, ya nemi a ba shi dama ya duba dokin gaba ɗaya. Ya auna faɗin marainan biyu ya samu santimita 7, kuma sun yi taushi, alhali mafi ƙarancin abin da ake nema ga baligin ingarma santimita 8 ne. Ya ɗibi maniyyi ya duba a madubin likita: ƙwayoyin kaɗan ne, mafi yawansu kuma ba sa tafiya gaba. Sai ya tambaya ko ana yi wa dokin wata allura. Wani yaron barga ya shiga ɗakin ajiya ya fito da kwali cike da kwalabe da babu komai a ciki.

Bayanin likita shi ne, idan aka cika jini da sinadarin mazakuta daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga ya wadata ta daina aika wa maraina umarni, su kuma su ƙanƙance su rage aiki, alhali sha'awa tana nan ko ma ta ƙaru. Samar da ƙwayar maniyyi a jikin doki na cin kimanin kwana 57, zafi mai tsanani ko zazzaɓi na lalata ta a hanya, saboda haka abin da dokin ya bayar a Yuni an ƙera shi ne cikin zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano.

Gwajin jini ya nuna jajayen ƙwayoyin jininsa kashi 26 ne cikin 100, lafiyayyen doki irinsa kuwa yakan haura 32, kuma an ga ƙwayar cutar da kaska ke sa wa dawaki, mai fasa jajayen ƙwayoyin jini. Ita ce, tare da gyambon tumbi da zafi, ta jawo ramar farko, wadda allura ta lulluɓe tsawon wata goma sha bakwai. Ta ɓangaren goɗiyoyin kuma, goɗiya tana zagayowa duk kwana 21, tana neman namiji kwana biyar zuwa bakwai, tana sakin ƙwai kwana ɗaya ko biyu kafin neman ya ƙare, maniyyi kuma yakan rayu kimanin kwana biyu a cikinta. Hawa ɗaya a ranar da mota ta samu caca ce, goɗiyar da ke harbi kuwa tana faɗa ne cewa lokacinta bai yi ba.

Gyara, da barbara ta biyu

An daina allurar a ranar. Likita ya yi masa maganin cutar kaska da imidokab, ya tsaya a kansa saboda maganin kan murɗa ciki, kuma ya ce manufarsa kwantar da cutar ce ba share ta ba, domin a ƙasar da kaska ke ko'ina dokin da aka share tas sabon kamu zai sake yi. Aka ba shi omefrazol kwana 28 saboda tumbi. Aka juya abincin: harawa da ingirici kilo takwas zuwa tara a rana, ba ya rabuwa da abin tauna, hatsi kuma kashi uku ƙanana, kowanne bai kai kilo biyu ba, da ɗan man gyaɗa, da gishiri, da garin kalsiyam, aka rage dusa sosai. Aka kwashe shi daga birni zuwa gonar Alhaji da ke bayan gari, aka yi masa ɗaki mai rufin ciyawa a ƙarƙashin darbejiya, ana yi masa wanka da rana a bazara, ana duba kaska kowace safiya.

Wata biyu na farko sun yi wuya, domin jikin da allura ta gina ya zube, Alhaji har ya yi niyyar komawa gare ta. Baba ne ya tare shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago sau ɗaya, ya isa." A Janairun shekara ta uku maraina sun kai santimita 8. A Fabrairu aka gwada goɗiya biyu, ɗaya ta ɗauka. A Oktoba awon ya kai santimita 9 da rabi, sun yi tauri, ƙwayoyin maniyyi sun yawaita suna tafiya, nauyinsa ya tsaya a kilo 470 ba da allura ba.

An tsara babban zango daga Disamban shekara ta uku zuwa Fabrairun ta huɗu, don maniyyin ya zama na lokacin sanyi, haihuwa kuma ta faɗo bayan kaka, lokacin da harawa ke da araha kuma ƙwarin damina sun ragu, tunda cikin goɗiya kimanin kwana 340 ne. Kowace goɗiya sai ta zo ta zauna a gonar, a ba ta maganin tsutsa, a ciyar da ita ta murmure, likita ya duba mahaifarta. An mayar da biyu saboda ruwan da aka gani a ciki. Kowace safiya ana kawo wani tsohon ingarma ɗan Arewa a bayan katanga mai kai ƙirji. Goɗiyar da ta kwantar da kunne ta yi harbi sai a mayar da ita, wadda ta tsaya ta ɗaga wutsiya ta tsuguna tana fitsari kaɗan-kaɗan sai a rubuta ranar. Daga rana ta biyu ko ta uku Bature yana hawa, a tsallake rana ɗaya a sake, har ta daina karɓa, bayan kwana 15 kuma a yi sikanin. Goɗiya goma aka karɓa, bakwai suka ɗauka, biyar daga ciki a zagayen farko.

Abin da aka haifa

Masu goɗiyoyi sun ji tsoron ɗan babban doki zai gagari ƙaramar uwa haihuwa. Likita ya kwantar musu da hankali da gwajin da aka yi a Ingila a 1938, inda aka haɗa manyan dawakin jan kaya da ƙananan dawakin tsibirin Shetlan, aka ga girman uwa ne ke iyakance girman ɗan a ciki. Haka kuwa aka gani. Goɗiya ɗaya ta yi ɓari a wata na bakwai, shida suka haihu lafiya tsakanin Nuwamban shekara ta huɗu da Janairun ta biyar, kowane duƙushi ya miƙe ya sha dakashi cikin awa biyu.

Babu ɗayansu da zai shiga littafin nasaba na Ingila, tunda iyayensu mata ba sa ciki. Rabin jini ne. Sun fi iyayensu mata tsayi da faɗin tsalle, sun fi ubansu jure zafi da kaska. Ba a ɗora wa kowanne sirdi ba sai da ya haura shekara biyu da rabi. Biyu sun tafi hannun 'yan folo, ɗaya ya zama dokin hawan sallah, ɗaya ya gaji siririn ƙwauri da kofato mai laushi na ubansa har aka ga bai dace da gudu ba. Wata duƙusa daga goɗiyar Maigatari ta ci tseren mita 1,200 a farkon shekara ta takwas.

Hukunci

A ganina ba Kano ce ta gagari dokin nan ba, domin babbar barazanar da ke kashe irinsa, wato cutar damina, an tare ta da kuɗi kaɗan saboda an yi shiri kafin ta zo. Abin da ya ci shi shi ne maganin alama ba tare da neman sanadi ba, sau uku a jere, kuma kowane magani shi ya haifi matsala ta gaba. Allurar ƙiba ta ɓoye cutar jini, ta ba shi ƙarfin da jijiyarsa ba ta kai ba, ta kuma kashe shekarar barbara guda. Maganin kashe zafi ya mayar da ɗan ɗumin da hutun makonni zai iya gyarawa ya zama tsagewar da ta raba shi da tsere. Gwajin jini ɗaya a Afrilun shekara ta farko bai kai kuɗin kwalba biyu na allurar ba. Ban ɗora wa Baba laifi ba: hannunsa ya gano ɗumin ƙafa wata tara kafin ta tsage, idonsa ya ga farin ido wata goma sha bakwai kafin madubin likita, abin da ya rasa shi ne wanda zai saurare shi. Kuskurensa guda shi ne zaton abincin ɗan Arewa zai riƙe ɗan Ingila.

Ina kuma ganin tun farko an sayi dokin ne don abin da bai fi amfani a kai ba. Matsakaicin dokin tsere na Ingila zai iya cin kofi ɗaya ko biyu a nan cikin hunturu, amma darajarsa mai ɗorewa tana cikin 'ya'yan da zai bari da goɗiyoyin gida, muddin ana zaɓen uwa mai kaurin ƙashi da taurin kofato, kamar yadda duƙushin da ya gaji raunin ubansa ya nuna.

Yanzu Bature yana da shekara 11. Ƙafar hagun tana nan da lanƙwasarta da layukan lalas, amma ba ya ɗingishi, kuma ba a ba shi goɗiya fiye da goma sha biyu a zango. 'Ya'yansa mata uku da ke gonar sun isa barbara, ba kuma za a mayar da su gare shi ba, don haka Alhaji ya aika a duba masa ingarma ɗan Sudan, likita kuma ya sa sharaɗin auna maraina da jini kafin a biya kuɗi.